Curi, Baba da Jar Akuya

Tun da kuka yi wayo kuke jin ana cewa uwarku ta yi kiwon mesa tana budurwa, kuma na lura duk wanda ya ba ku labarin sai ya ƙara mata tsawo. A bakin wasu ta kai azara. A bakin matan unguwarmu ta Ƙaura har ɗan akuya ta haɗiye, wai kuma a gadona take kwana. To ni ce mai mesar, ku ji daga bakina. Ranar da na fara ɗaukarta ba ta kai tsawon muciya ba, kaurinta kuma bai wuce babban yatsan hannu ba. Irin ƙananan nan ce marasa dafi, waɗanda ba sa girma su zama abin tsoro, in sun firgita sai su cusa kai a tsakiya su dunƙule kamar curin fura. Shi ya sa na sa mata Curi. Ba ta taɓa cin akuyar kowa ba. Akwai dai akuya a labarin, amma aikinta daban ne.

Ni 'yar fari ce. Ana yaye ni Kaka, mahaifiyar Inna, ta goya ni zuwa Zurmi, a hannunta na tashi, daga can na tafi sakandaren kwana. Da na gama, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, jihar ma ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba, Kaka ta ɗaure mini kayana ta ce in je gidanmu in san iyayena kafin wani ya zo ya ɗauke ni. Na zo Ƙaura na tarar da gida mai kunyar 'yar fari. Ita Inna kunyarta a suna ta tsaya. Ba ta taɓa cewa Rabi ba, amma in ta ce "ke" har bakin zaure ake ji, faɗa kuwa kai tsaye take yi mini ba ɗan aike. Baba shi ne ya riƙe abin da gaske. In na gaishe shi sai ya amsa wa takalminsa. In yana son ruwa sai ya ce a ce a kawo ruwa, alhali daga ni sai kaji a tsakar gidan. In dole ta kama a ambace ni, baƙuwar Zurmi ce. Ni kuma kun san ni, abin da ke cikina ba ya kwana. Na ce wa Inna ban ga amfanin uban da ba ya magana ba. Ta ce da ma ta faɗa wa Kaka kada a kai ni boko.

Abin da ya sa shirun nasa ya tsaya mini a rai shi ne, Baba ba mai shiru ba ne. Gardi ne, ɗan gardi, mai wasa da macizai a kasuwanni, kuma duk wanda ya ci kasuwar Shinkafi ta Alhamis a wancan zamani ya san muryarsa. Ina ƙarama na taɓa ganinsa a kasuwar Zurmi, ina riƙe da zanen Kaka. Gamsheƙa ta fasa kai a gabansa, jama'a sun yi da'ira, shi kuwa yana lallashinta, yana kiranta amarya, yana tambayarta ko ta kwana lafiya, mutane suna dariya har da riƙe ciki. Ya hango mu, ya gaida Kaka, ya kau da kai. Na koma gida ina cewa a raina, maciji ma ana yi masa magana. Abin da nake so ke nan, ban kuma taɓa ɓoyewa ba: Baba ya dube ni ya faɗa mini wani abu, ko da zagi ne.

Wani abin da nake so in gyara muku shi ne yadda ya bar sana'ar. Babu wanda ya kama shi, babu wanda ya kore shi daga kasuwa. A lokacin wa'azi ya yi yawa a gari, kowa yana duba abin da yake ci. Baba yana da maganin sara da ya gada, wannan bai taɓa jin kunyarsa ba, amma akwai layun da yake sayarwa bayan wasa, yana rantsuwa a kansu, shi kuma ya san abin da ke ciki. Wata Juma'a da bazara ya dawo daga masallaci ya gaya wa Inna ya gaji da rantsuwar kasuwa, ya yi ta ƙarshe a gaban mutane, cewa hannunsa ba zai ƙara taɓa maciji ba da zarar ya sallami na ɗakinsa. Washegari ya ɗora kwandunansa a keke ya nufi bakin gulbi, ya dawo da su wayam. Daga nan ya shimfiɗa buzunsa a gindin dalbejiyar tsakar gida, kusa da turken wata jar akuya ta Inna, ya zauna. Mutumin da ke cika kasuwa da baki ya koma sai tasbaha. Tuwo in an kai masa sai ya gutsuri gefe ya turo kwanon.

Da hadari ya fara haɗuwa Inna ta ce ɗakin macizan nan ya zama nata, za ta zuba kaji. Ba wanda zai shiga ya share, sai ni. A lungu na tarar da wani tulu mai karyayyen wuya, da rairayi mai danshi a ciki, da ƙwai manne da juna, sun yamutse kamar tsohuwar fata. Duk sun lalace sai ɗaya da ya tsage, a ƙarƙashinsa kuma ga 'yar mesa a dunƙule tana sheƙi. Ban tsaya tunani ba, da ma ba na yi. Na ɗauko ta a tafin hannu, na ratsa tsakar gida, na tsuguna gaban Baba na buɗe hannun. Na ga hannunsa na dama ya taso da kansa, sai ya kama shi da na hagu ya tura ƙarƙashin riga. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya wajen akuyar.

"Ja, ki ga ikon Allah. Na ɗauke uwar, na kasa fasa ƙwan, na ce zafi ya gama da su."

Inna ta leƙo daga madafa ta ce a kai abin nan bayan gari tun kafin ya san hanyar 'yan tsakinta. Baba bai dube ta ba. Ya gaya wa akuyar cewa in aka yar da ita yanzu kafin la'asar shaho ya ɗauke, sai ta ci abinci da bakinta tukuna za ta iya daji, shi kuma hannunsa ya rantse, bai san wanda zai raine ta ba. Na gane inda maganar ta dosa. Na juya ni ma na fuskanci akuyar.

"Ja, gaya mishi ni zan raine ta."

Akuyar tana tuƙa, ta dube ni, ta dube shi. Inna ta ce ita dai ta auri gidan da ba a taɓa gani ba, ta koma ciki.

Haka muka fara. Duk abin da na sani na rainon Curi daga bakin Baba ya fito, ta kan akuya. Ja ce ta ji cewa a wanke tulun a sake rairayi, a yayyafa masa ruwa kaɗan, kada ya jiƙe kada ya bushe. Ja ce ta ji a kifa tsingaro a ciki don ta sami wurin ɓuya, a sa ruwa a ɗan kasko, a rufe bakin da faifai a danne da dutse, a jingina tulun da bangon madafa inda ɗumin murhu ke ratsowa, ba a rana ba. Ni kuma in ina da tambaya sai in je in tsaya gaban turke in yi ta da ƙarfi. Wani lokaci har gardama muke yi, ni da shi, akuyar tana tsakiya tana cin ɓawon wake. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, wai sun zo aron rariya. Ɗaya ta tambayi Inna ko wannan bai karya rantsuwar malam ba. Inna ta ce hannunsa ne ya rantse ba bakinsa ba, bakin ma akuya yake ba.

Daɗin kwanakin nan ba zan iya kwatanta muku shi ba. Da safe in na ɗaga faifai sai in ga ɗan harshenta yana fitowa daga ƙarƙashin tsingaro, tana lasar iska. In na ɗauke ta sai ta dunƙule, in na yi shiru na ɗan lokaci, wanda a wurina aiki ne, sai ta saki jiki, ta fito da kai, ta zagaye mini wuyan hannu kamar warwaro. Sanyinta kamar na randa. Wata rana na ga idanunta sun yi fari-fari, jikinta ya dushe, na ɗaga murya na ce hayaƙin Inna ya makantar da ita. A ranar na fara jin dariyar Baba a cikin gidansa. Ya gaya wa Ja saɓa za ta yi, a ƙara wa rairayin danshi a ƙyale ta. Bayan 'yan kwanaki na tarar da saɓar a naɗe jikin tsingaro, ita kuma ta fito baƙi da ruwan zinariya kamar sabuwar atamfa. Na kai saɓar na ajiye a kan buzunsa. Ya tambayi Ja ko saɓa maciji ce. Ja ba ta ce komai ba, sai ya ɗauka ya yi ta juya ta a rana.

Matsalar ɗaya ce: Curi ta ƙi ci. Na fasa mata ƙwai, ta kau da kai. Na kawo nono don na ji ana cewa maciji na son nono, ta bi ta cikinsa ta wuce. Na kamo ɗan kwaɗo, suka wuni tare a tulu kamar 'yan haya. Har tsokar nama na ɗaura a tsinke ina kaɗa mata a hanci, ta cusa kai ta zama curi. Ina buɗe tulun nan da safe, da hantsi, da azahar, duk lokacin da na wuce, kuma ina yawan wucewa. Na je na tsare akuya na ce ta tambayo mini gwanin macizai abin da ake ba su. Baba ya juya wajenta ya ce:

"Ja, ni manya na sani. Gamsheƙa ƙwai nika ɗura mata da kara. Wagga ko kara bai shiga bakinta. Ban taɓa renon jinjiri ba."

Na gane shi ma tsoro yake ji. Curi ta fara ramewa, ƙashin bayanta ya fito kamar tsaikon ɗaki, fatar wuyanta ta yi laushi. Baba ya riƙa matso da buzunsa. Yau yana gindin dalbejiya, gobe yana tsakiyar gida, kuma duk inda ya matsa sai ya tumɓuke turken akuyar ya kafa kusa da shi. Kafin a ankara ni da shi da Ja duk muna bakin madafa, Inna tana tsallake mu da tukunya a hannu. In na ɗaga faifai sai ya miƙo wuya ta bayana. In na rufe sai ya gaya wa Ja a ƙara dubawa, wataƙila yanzu.

Wata rana muna daka ni da Inna na ce mata in Curi ta mutu shi ke nan, Baba zai koma gindin dalbejiya, ni kuma in koma baƙuwar Zurmi. Na faɗa ne kawai don abin ya tokare ni. Inna ta ci gaba da luguden taɓaryarta. Na ɗauka ba ta ji ba.

Da ruwan shuka ya sauka, da sassafe Inna ta shiga ƙarƙashin rumbu tana jawo buhunan iri, ta ci karo da sheƙar ɓera. Sai ga ta ta nufo mu da tsohon ludayi, ta miƙe hannu iya tsawonsa, ta kau da fuska. A ciki akwai ɗan ɓera ja, ido bai buɗe ba. Ta ce in ɗaga faifan, ta juye shi a tulun, ta mayar da faifai da kanta, ta ɗora dutse, ta ƙara da dutsen niƙa. Sannan ta riƙe ƙugu ta dube mu.

"Ni anka kai gidan miji, ku ba a kai ku ba. Da anka kawo ni gidan ga, dangin mutumin ga sun zuba mini ido, in ci su gani. Ban ci ba. Sai ran da kowa ya hita na cinye tuwon har da ƙanzo. Baƙo bai ci ana kallo nai. Ku tahi gona ku biyu, ruwa ya sauka. Wanda ya taɓa tulun ga kahin la'asar, ni da shi."

Baba ya buɗe baki ya juya wajen Ja, Inna ta ce Ja ba ta zuwa gona.

Gonarmu tana kan hanyar Banga. Muka tafi yana gaba da sungumi a kafaɗa, ina baya da ƙwaryar iri a ka. Ƙasa ta yi taushi, ƙamshinta ya cika ko'ina, duk gonaki mutane ne a jere. Yana sara ina zuba gero ina rufewa da diddige. Sai wata dabara ta zo mini. Na ce yau babu akuya, bari in ga yadda zai yi. Na riƙa cika hannu ina zubawa a rami ɗaya, irin da ya isa ramuka da yawa. Ya waiwayo ya gani. Ya yi gyaran murya. Na ƙara cika hannu. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, akwai wani jaki a gonar maƙwabci amma ya yi nisa. Ya sake gyaran murya har ya ƙware, ya ci gaba da sara. Haka muka wuni, ni ina ɓarnar iri da gangan, shi yana haɗiye magana. Daga baya layukan nan sun fito cunkus kamar sumar da ba a taje ba, ni aka sa na rage su, ban kuma yi nadama ba.

Da la'asar muka shigo gida, ko ƙafa ban wanke ba na nufi madafa. Inna tana zaune kan turmi kusa da tulun tana tsince wake, kamar mai gadi. Ta ɗaga mini gira. Na sauke dutsen niƙa, na sauke ƙaramin, na ɗaga faifai a hankali. Babu ɗan ɓera. Curi tana kwance rabi a ƙarƙashin tsingaro rabi a waje, a tsakiyarta ga wani ƙullutu kamar ta haɗiye dabino. Na ji numfashin Baba a bayan kunnena. Ya miƙe da sauri ya juya wajen turke, bakinsa a buɗe, maganar ta riga ta taso.

Turken yana nan, igiya babu, akuya babu.

Inna ta ce, ba tare da ta ɗago daga wakenta ba, ai an yi shelar ɗaure dabbobi tunda an yi shuka, ita kuma ba ta da ciyawar ba ta, ta ba makiyayi ya tafi da ita garke, sai kaka. Ta tattara faifanta ta shige madafa ta ja labule. Baba ya tsaya. Ya dubi labulen. Ya dubi inda kaji suke kiwo, sun shige akurki. Ya dubi dalbejiya. Ni kuwa ina tsugune na ɗago kai ina kallonsa, na ƙi kau da ido, don ni ba a yi mini kunyar nan ba. Ya shafa gemu. Sannan ya dube ni, ni ɗin nan, ya ce a hankali:

"Kin gani ko? Ta ci."

Ni da ba a taɓa faɗa mini magana na rasa amsa ba, ranar na rasa. Ya ce kada in taɓa ta yau, kada in taɓa ta gobe, in an dame ta za ta amayar. Na ce to, Baba. Ya juya kamar zai tafi, ya dawo.

"Kuma irin da kinka zuba yau ya isa gona ukku."

Daga bayan labule muka ji Inna tana dariya har da tari. Da aka kawo tuwo ya cinye, ya turo kwanon ya ce mini, ni, in ƙaro.

Curi ta zauna da mu har kaka. Inna da ta ce a kai ta bayan gari ita ce ta zama mai farautar ɓeraye, ta kuma daina kau da fuska. Da aka yanke gero, Curi ta yi ƙiba ta yi saɓa a kai a kai, Baba ya ce lokaci ya yi. Muka je bakin gulbi wajen wani tsohon suri, inda ya saki uwarta. Ni na fito da ita na ajiye, shi yana tsaye ya harɗe hannuwa a baya. Ba ta dunƙule ba. Ta lashi iska, ta bi gefen surin ta sami rami ta shige. Na ji ba daɗi, ba zan ce ban ji ba, kuma a hanyar dawowa ina ta sauraron ko shirun zai dawo. Ba mu kai titi ba ya fara ba ni labarin ranar da kumurci ya kuɓuce masa a motar Shinkafi, direba ya fita ta taga.

Rantsuwarsa ya riƙe ta har ya koma ga Allah, bai ƙara taɓa maciji ba, bai kuma ƙara tara jama'a a kasuwa ba, na san kuma ya yi kewar abin. Sunana ma bai taɓa faɗa ba, wannan kunyar ya tafi da ita, ni "ke" ce har ƙarshe, kuma ta ishe ni. Ja ta dawo daga garke da 'ya'ya biyu, aka mayar da ita turkenta, ta riƙa binsa da kallo in ya wuce, ko sannu ba ya ce mata. Duk maganar da kasuwanni suka saba ɗauka, ta Shinkafi da ta Zurmi da ta Ƙaura, a kaina ta sauka. In ina shara yana bina da labari, in ina wanki ya jawo buzu. Wata rana kunnena ya gaji, na shiga madafa na ce wa Inna don Allah ta matso masa da akuyar nan kusa ko na huta.

Ta ce, "Ke kinka nema."